Hokin ƙanƙara na 'yan mata: me ya sa ake yawan canji?

Tambaya: Na kalli 'yan matan Kanada a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 18, sai canja 'yan wasa suke yi ba ƙaƙƙautawa. Me ya jawo?

Amsa: Malama, gudu kan ƙanƙara yana cinye numfashi. 'Yar wasa takan yi kamar daƙiƙa 45 ta fita, wata ta shigo, wasa bai tsaya ba. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga.

Matsalar tana wajen gaggawa. Idan mai shigowa ta taɓa faifan robar da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo alhali mai fita ba ta bar fili ba, sun zama bakwai, sai a rage musu mutum ɗaya na minti 2. An fi yin wannan kuskure a zango na biyu cikin zango uku na wasan, domin an sauya raga, bencin 'yan canji ya yi wa masu tsaron baya nisa.