Hutu da Yara: Tsaron Gida, Tsaron Hanya da Ranar Dawowa

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato tafiyar hutu da iyali. Mun zaɓi guda biyar da suka fi maimaituwa, mun ɗan taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana da yaranmu za mu yi tafiyar mako biyu, gidan zai zama babu kowa. Tun yanzu hankalina ya rabu biyu. Me ya kamata mu yi kafin mu ja ƙofa? Daga wata uwa mai 'ya'ya uku.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɓarawo ba ɗan duba ba ne, alama yake karantawa, kuma gidan da babu kowa shi ke tona asirin kansa. Ƙwan fitilar waje yana ci da rana tsaka, takardar kuɗin wuta ta kwana uku maƙale a jikin ƙofa, busasshen ganye ya taru a bakin gida babu sawun ƙafa ko ɗaya a kai. Saboda haka ku sami mutum ɗaya da kuka yarda da shi, ya riƙa leƙawa duk bayan kwana biyu, ya share ƙofar gida, ya kwashe takardu, ya zagaya ta baya. Ku ba shi makulli hannu da hannu. Kada a ɓoye shi a ƙarƙashin dutse ko tukunyar fure, nan ne wurin farko da ake dubawa. Fitilar waje kuma a sa mata ƙwai mai kunna kansa idan duhu ya yi.

Ku riƙe hotunan tafiya sai kun dawo. Hoton iyali a filin jirgi da aka ɗora a Facebook ko WhatsApp sanarwa ce cewa gida ya zama kango na ɗan lokaci. A ja kunnen manyan yara masu waya, don galibi ta wajensu maganar ke fita.

Amma ɓarnar da ta fi samun gidan da aka bari ta ruwa ce da wuta. Ɗan tiyon da ke kai ruwa bayan gida ko injin wanki yana cikin matsin ruwa dare da rana. Idan ya fashe kuna nan, cikin minti biyu an rufe. Idan ba kwa nan, sai ruwa ya yi kwanaki yana malala. Ku fara kashe na'urar dumama ruwa da injin tura ruwa tanki, domin idan suka yi aiki babu ruwa ƙonewa suke yi. Sannan ku rufe babban famfon da ke shigo da ruwa gidan, ku buɗe famfo ɗaya na ƙasa har ya daina zuba. Tukunyar gas a rufe ta daga kanta, a cire kan tiyon. Talabijin, dutsen guga da cajojin waya duk a zare su daga soket.

Firiji na da nasa lissafin. Idan wuta ta ɗauke, yana riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗe shi ba. Firiza cikakkiya takan kai awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. Abin da ya fi shi ne a cinye ko a rabar da kayan, a kashe, a goge ciki, a bar murfin a ɗan buɗe don kada ya yi fumfuna. In dole sai an bar firiza a kunne, a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora kwabo a kan ƙanƙarar. Kuka dawo kuka tarar da kwabon a gindin kofi, to kayan sun narke sun sake daskarewa, naman ciki ba na ci ba ne.

Zagayen ƙarshe mutum ɗaya zai yi shi, da takarda a hannu, bayan kowa ya shiga mota. Idan biyu suka yi, kowa sai ya ɗauka ɗayan ya kulle ƙofar baya.

Tambaya: Karo na farko ke nan da zan shiga jirgi zuwa ƙasar waje da yarana biyu, ɗaya ɗan shekara shida, ɗaya goyo, kuma mahaifinsu ba zai bi mu ba. Ina tsoron a mayar da mu daga filin jirgi. Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki na kan hanya, kuma maganinsa takardu. Buɗe fasfo ɗin kowa yau, ki duba ranar ƙarewa. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da saura ƙasa da wata 6 ya ƙare, kuma na yara a ƙasashe da dama ya fi na manya saurin ƙarewa. Jariri ma sai da nasa fasfo. Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. Tunda ke kaɗai ce, ki riƙe takardar haihuwar kowane yaro, da wasiƙar amincewar mahaifinsu mai sa hannu, da kwafin fasfonsa ko katin shaidarsa. Wasu ƙasashen suna neman wasiƙar da hatimin lauya ko na kotu, don haka ki tambayi ofishin jakadancin ƙasar da kamfanin jirgin tun da sauran makonni. Idan ƙasar na neman katin rigakafin cutar shawara, ki sani katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada, allura ɗaya ta wadatar. Ki ɗauki hoton duk takardun a waya, ki kuma buga kwafi ki sa a wata jaka dabam.

A wurin binciken kaya, dokar da aka fi bi tun 2006 ita ce duk abu mai ruwa da ke jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma a tara su a leda ɗaya mai haske mai cin lita ɗaya. Mazubin ake dubawa: kwalbar mai ta mililita 200 da saura kaɗan a ciki, karɓe ta za a yi. Madarar jariri, abincinsa da magani an yafe musu wannan iyaka, sai dai ki fito da su ki nuna. Wasu filayen jirgi masu sababbin na'urori sun sassauta, amma ki shirya kamar ba su sassauta ba, don filin da za ki taso wajen dawowa wataƙila yana kan tsohuwar doka.

Batirin ajiyar caji a jakar hannu ake sa shi, ba ya shiga akwatin da za a auna, saboda idan ya kama wuta a cikin jirgi ana so ya kasance inda ido zai gani. Iyakar da aka saba ita ce 100 Wh (Wh shi ne awon yawan wutar da batiri ke ɗauka). Wanda aka rubuta 20,000 mAh a jikinsa yana kusan 74 Wh, ya shige. Magani, kayan canji na kowane yaro da nafkin na yini guda su ma a jakar hannu, ko da akwati ya makara.

Lokacin saukar jirgi kunnen yara ke ciwo saboda canjin matsin iska. Ki ba jariri nono ko kwalba idan jirgi ya fara gangarowa, babban kuma ya riƙa kurɓar ruwa, haɗiya ce ke buɗe kunnen.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara huɗu ba ya zama wuri ɗaya. Yaya zan yi idan ya ɓace mini a cikin taro? Daga wani uba.

Amsa: Malam, kowace safiya kafin ku fita ka ɗauki hotonsa daga kai zuwa takalmi. Uban da ya ruɗe yakan manta launin rigar da ya sa wa ɗansa da hannunsa. Ka rubuta lambar wayarka da sunan masaukinku a kati, ka maƙala a cikin aljihunsa. Sunan yaron kada ya fito ɓaro-ɓaro a bayan riga ko jaka, don baƙon da ya kira shi da suna ya riga ya sami rabin amincewarsa. Ka koya masa abu biyu kacal: ya tsaya cik inda ya daina ganinku, kuma ya nemi taimakon mace mai yara ko ma'aikacin wurin. Ka kuma tabbatar ya san cikakken sunanka, domin a cikin taro kowa Baba ne.

Kai da mahaifiyarsa ku raba yaran da suna, wannan naka, wannan nata, kuma duk wanda zai matsa ya faɗa da baki, ɗayan ya amsa. Idan ya ɓace, ka ɗaga murya nan take kana faɗin kamanninsa: yaro ɗan shekara huɗu, jar riga. Idanu ɗari sun fi biyu. Idan akwai ruwa a kusa, ko wurin ninƙaya na otal, can za a fara dubawa. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, shiru abin ke faruwa kuma cikin ɗan lokaci, shi ya sa a bakin ruwa ƙaramin yaro ba ya wuce tsawon hannun babba.

Tambaya: Wane magani zan ɗauka saboda yara? Daga wata kaka da za ta raka jikokinta.

Amsa: Mama, kaɗan ne, amma a san awonsu. Na farko farasitamol na yara. Ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 15 ga kowane kilo, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Yaro mai kilo 16 zai sha miligiram 240, wato mililita 10 na ruwan maganin da aka rubuta 120 mg/5 ml a jikinsa. Ki duba kwalba da kyau, don akwai mai ƙarfin 250 mg/5 ml. Asfirin ba a ba yara. Na biyu garin gishiri da sukari na gudawa, da ƙwayar zink: miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Garin a dama shi da daidai ruwan da aka rubuta a ƙunshin, abin da ya yi awa 24 a zubar. Sai ma'aunin zafin jiki, filasta, da duk maganin da wani yaro ke sha kullum, a cikin kwalinsa na asali da takardar likita, da ƙarin na kwana biyar.

Yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da komai, ko idonsa ya zurma, ko aka ga jini a bayan gidansa, asibiti za a nufa. Haka jaririn da bai kai wata 3 ba idan ya yi zazzaɓi. Bayan an dawo ma, in kun je inda ake da zazzaɓin cizon sauro, duk zafin jikin da ya taso a yi gwaji a ranar, a gaya wa likita inda aka je. Cutar takan ɗauki kwana 7 ko fiye, wani lokaci makonni, kafin ta bayyana.

Tambaya: Duk lokacin da muka dawo daga hutu sai in ji gara ban je ba. Wanki ya yi tsibi, yara sun ƙi tashi makaranta, aiki ya taru yana jirana. Akwai dabara? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, kuma mafi yawanta kafin tafiya ake yi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a iso da daren Lahadi ga makaranta da aiki Litinin da sassafe. Ki yanke kwana ɗaya daga hutun ki bar wa gida. Mun san da zafi, amma wannan kwana ɗaya shi ke hana mako guda na wahala. Kafin ku tafi, a wanke kayan makaranta a goge a rataye, a shirya jakunkunan littattafai, a shimfiɗa zanen gado mai tsabta, a zubar da shara, a ajiye abin da za a dafa cikin minti ashirin wanda ba ya lalacewa. Kuɗin wuta, ruwa ko haya da zai faɗo a kwanakin tafiya a biya tun kafin.

Ranar isowa, babba ɗaya ya fara zagaya gidan, yara kuma su jira a cikin mota. Aka ga ƙofa ko taga a ɓalle, kada a shiga, a kira 'yan sanda. Aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin fitila, a buɗe tagogi. Babban famfo a buɗe shi a hankali, a bar kowane famfo ya zuba na 'yan mintoci kafin a sha, sai tankin dumama ruwa ya cika sannan a kunna shi. Warin da ke tashi daga banɗaki yawanci ruwan da ke toshe bututun ne ya bushe, bokiti ɗaya aka zuba ya wuce.

Akwatuna kada su hau gado. A buɗe su a kan siminti ko tayil, a duba ɗinkinsu da fitilar waya, domin kuɗin cizo ta nan yake biyo matafiya daga masauki. In an ga alamarsa, a wanke kayan da ruwa mai zafin digiri 60. A gama kwance kaya a ranar, akwatin da ya kwana uku a falo yakan yi wata. Wanki kuma ba duka lokaci ɗaya ba: kayan ciki da abin da za a sa a kwana uku masu zuwa tukuna. Yaron da ya kai shekara biyar zai iya kai ƙazantattun kayansa kwando, ya jera takalmansa.

Barci shi ne babban aiki. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Idan a hutu ya saba kwana ƙarfe goma sha ɗaya, ba zai yi barci ƙarfe takwas don an ce ya yi ba. A kwanaki huɗu na ƙarshen hutu a riƙa matso da lokacin kwanciya da na tashi da rabin awa kowace rana. Lokacin tashi ya fi muhimmanci: a tashe shi, a buɗe labule, ya fita hasken safiya, waya da talabijin a kashe awa ɗaya kafin kwanciya. In kun tsallaka ƙasashe masu bambancin agogo, jiki yakan ci kusan kwana ɗaya a kan kowace awa, kuma tafiyar gabas ta fi wuya. Rigima da kukan banza na kwana biyu ko uku gajiya ce, a rage faɗa, a tsare lokacin abinci.

A wurin aiki, safiyar farko kada ki karɓi taro in da hali. Ki karanta saƙonni daga na baya-bayan nan zuwa na farko, za ki tarar da yawa an riga an warware su ba ke. A cikin makon kuma ki zauna da bayanan asusunki na banki, ki bi kowane cirar kuɗi na kwanakin tafiya layi-layi. Kika ga wanda ba ki gane ba, ko da ƙanƙani ne, ki sa a toshe katin a ranar, don masu satar lambar kati sukan fara gwadawa da ɗan kuɗi kaɗan.