Ƙarin da aka cire a kan maigidana ya dawo bayan shekara 6

Tambaya: Likita barka da aiki. Shekara 6 ke nan da aka yi wa maigidana tiyata a bayan kunnensa na hagu, aka cire wani ƙari da aka ce jaka ce a cikin kai. Ya warke sarai ya koma kasuwa. Tun bayan azumi jiri da ciwon kai suka dawo, kunnen ma ya rage ji. An yi hoton MRI an ce abin ya sake tsirowa. 'Yan'uwansa na cewa likitan farko ne bai iya aiki ba, wasu na cewa daji ne ake ɓoye mana, wasu kuma sun ce jifa ne. Ni dai na rasa na kamawa. Daga wata uwar gida a Gusau.

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ban ga hotonsa ba, amma wurin da kika ambata da tsawon shekarun da abin ya ɗauka kafin ya dawo sun fi kama da ƙarin da muke kira efidamoyid. Ki duba takardar gwajin naman da aka cire a tiyatar farko, sunan yana jiki.

Shi wannan ƙari da shi ake haihuwar mutum. Tsakanin mako na 3 da na 5 da shigar ciki, lokacin da bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yake rufewa, wasu 'yan ƙwayoyin fata kan maƙale a ciki maimakon su tsaya a waje. To ita fata aikinta saɓa. Wadda ke jikinmu kullum tana zubar da matattun ƙwayoyinta, wanka da tufafi su tafi da su ba mu sani ba. Wadda ta maƙale a cikin kai ba ta da inda za ta zubar, sai ta zama jaka tana tara saɓarta a ciki, shekara da shekaru. In aka buɗe, abin ciki fari ne fat yana ƙyalli, yana ɓarɓashewa kamar kakin kyandir. Girmansa a hankali yake, shi ya sa yawanci sai mutum ya kai shekara 20 zuwa 40 kafin ya fara jin wani abu. Kusan ɗaya ne cikin ɗari na ƙarin da ake samu a cikin kai, kuma kusurwar da ke bayan kunne ita ce mazauninsa da aka fi sani.

Abin cikin jakar kwashe shi ba wuya. Ita jakar ce aiki. Siririya ce kamar ɓawon albasa, kuma tana bin lungu-lungu tana manne wa duk abin da ta taras. A wannan kusurwa akwai jijiyar ji, da jijiyar da ke motsa fuska, da masu kula da haɗiya da murya, ga jijiyoyin jini, ga kuma tushen ƙwaƙwalwa inda numfashi da bugun zuciya suke. Likita yakan isa wurin da in ya ja jakar da ƙarfi za ta taho da jijiya. Nan sai ya zaɓa: ko ya cire tas mutum ya farka da karkataccen baki ko ya kasa haɗiyar ruwa har ƙarshen rayuwarsa, ko ya bar ɗan ɓantare ya rufe. Likitoci da yawa na biyun suke zaɓa, da saninsu, kuma ni ina ganin sun yi daidai. Wannan ɓantaren da aka bari fata ce mai rai, za ta ci gaba da saɓa, wata rana jaka ta sake cika. Maigidanki ya tashi daga tiyatar farko da fuskarsa daidai, ya yi shekara 6 yana neman abincinsa. Wannan ba alamar aikin banza ba ne. Inda nake ganin laifinmu mu likitoci shi ne rashin zaunar da iyali a gaya musu ƙarara cewa an bar saura, kuma za a riƙa hoto lokaci-lokaci ko da mutum yana jin garau. Rashin wannan bayani ne ke buɗe ƙofar maganar jifa.

Batun daji kuwa, ki kwantar da hankalinki. Efidamoyid ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, kuma rikiɗewarsa zuwa daji abu ne mai wuyar gaske. Ba ya narkewa da ƙwaya ko allura ko jiƙo, gashi da na'ura da ake yi wa masu daji ma ba shi ne maganinsa ba. Ba kuma duk wanda ya dawo ake gaggawar buɗewa ba. In ƙarami ne kuma ba ya damun mutum, akan sa masa ido da hoto. Amma tunda jiri ya dawo kuma ji yana raguwa, da alama za a ba ku shawarar tiyata. Ta biyu takan fi ta farko wuya saboda tabon da ya haɗe wurin, don haka a yi ta inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da madubin tiyata da sashen kulawa ta musamman. Daga Gusau, cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ba ta da nisa. Akwai kuma Asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ku tafi da tsofaffin hotuna da faifansu da takardar sallama ta farko. Ku tambayi likitan abu biyu kai tsaye: wace jijiya ce ke cikin haɗari, kuma yana sa ran cirewa duka ko zai bar saura?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. An yi wa mahaifiyata tiyata a kai karo na biyu, jibi za a sallame mu. Ni ce zan yi jinyarta a gida. Me zan kula da shi? Yaya za ta yi salla da alwala? Kuma gaskiya ne kada ta ci ƙwai da gyaɗa don suna sa ciwo ruwa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da abin da in kika gan shi ba za ki jira gari ya waye ba. Zazzaɓi mai kai maki 38 ko fiye, musamman da sanƙarewar wuya da ƙin haske. Ciwon kai da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da amai a kai a kai. Barci mai nauyi da ake wahalar tashinta, ko ruɗewa. Jijjiga. Sabon rauni a hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko sarƙewar magana. Ja da kumburi da mugunya a bakin ɗinki. Sai kuma wanda mutane suka fi rainawa: ruwa garai-garai kamar na famfo yana ɗiga daga ɗinkin, ko kunne, ko hanci ɗaya, wani lokaci ta ji gishiri-gishiri a maƙogwaro. Kada ki ce mura ce. Zai iya zama ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki ne yake yoyo, kuma hanyar da ruwa ya bi ya fito ita ƙwayar cuta za ta bi ta shiga.

In jaka irin ta efidamoyid ko 'yar'uwarta damoyid, wadda ita ma jakar fata ce, aka cire mata, akwai wani nau'in sanƙarau da ke biyo baya ba tare da ƙwayar cuta ba: ɓarɓashin abin cikin jakar ne ke zuba ya fusata rigar ƙwaƙwalwa. Akan magance shi da magani irin su deksametason. Sai dai a ido ba a bambance shi da sanƙarau mai kisa, sai an gwada. Saboda haka ba a sayen maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis a zauna jira.

Sauran kuma haƙuri ne. Zare ko 'yan ƙarafan ɗinki akan cire su tsakanin kwana 7 zuwa 14. Kafin nan wurin ya zauna a bushe. Ba man shanu, ba man zafi, ba lalle, ba kitso, kuma ɗankwali ya zama mai tsabta, a ɗaura sako-sako. Ta kwanta da matashi biyu don kai ya ɗan ɗaga. Ta riƙa takawa a tsakar gida tun daga ranar farko, kwanciya wuni guda tana kawo daskarewar jini a ƙafa. Ba ɗaukar bokiti, ba daka, ba shara a sunkuye, har mako 6 zuwa 8 ko yadda likitanta ya ce.

Salla ta yi a zaune, ta yi nuni da kai kaɗan a ruku'u da sujada, domin sunkuyar da kai ƙasa yana ƙara matsi a cikinsa a makonnin farko. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba da wannan sauƙi: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Alwala kuma kada ruwa ya taɓa ɗinkin. Malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji da taimama, ki tambayi na kusa da ku.

Ƙwai da gyaɗa ba sa sa ciwo ruwa, ƙwayar cuta ce ke sa shi. Nama sabo jiki zai gina, kuma da ƙwai da wake da kifi da nono zai gina shi. Ki haɗa mata da zogale da alayyafo da gwanda da ruwa isasshe, don magungunan kashe zafi suna taurara bayan gida, yunƙuri kuwa ba a son sa yanzu. In tana da ciwon suga a riƙa aunawa, deksametason yana ɗaga shi.

Abu na ƙarshe, kuma na san shi zai fi ba ki wuya: 'yan dubiya. Zumunci ne, ba mai musu. Amma na sha ganin majinyaci ya fi gajiya da amsa "ya jiki" sau hamsin fiye da ciwon kansa. Ki samu wani babba a gidan, kawu ko gwaggo, ya sa lokaci ɗaya bayan la'asar, don ke in kika hana za a ce kin yi rashin kunya. Mai tari ko mura ya yi gaisuwa daga ƙofa.

Tambaya: Likita, ɗana wata 5 yana da wani ƙululu mai laushi a daidai maɗigarsa tun haihuwa, yana girma a hankali, ba ya masa zafi. Kakarsa ta ce a kira wanzami ya tsaga ya matse. Daga wani uba a Maraɗi.

Amsa: Malam, don Allah kada aska ta kusanci wurin nan. Ka ba Hajiya haƙuri, ka ce likita ne ya hana. Daidai ƙarƙashin maɗiga babbar jijiyar jini ce ke wucewa daga goshi zuwa ƙeya, kuma a wannan shekaru ba ƙashi tsakaninta da fata, maɗiga ba ta rufewa sai wajen wata 18. Abin da ka kwatanta ya yi kama da jakar damoyid ta maɗiga. A Ibadan ne likitoci biyu, Adelola Adeloye da Latunde Odeku, suka yi bayaninta a jikin yaran Najeriya a 1971, har ake kiran ta da sunansu. Yawanci a saman maɗigar take zaune ba ta shiga ciki, kuma in aka cire ta da jakarta sukutum ba ta dawowa. Tsagawa da matsewa kuwa ruwan kawai zai fita, jaka na nan, za ta sake cika, ga haɗarin ƙwayar cuta. Akwai kuma wani ƙululun da ke kama da shi wanda rigar ƙwaƙwalwa ce, wani lokaci har da ƙwaƙwalwar, ta leƙo ta kafar ƙashi. Shi yakan ƙara tauri in yaro na kuka. Hoto ne kaɗai ke raba su. Ku kai shi asibiti a yi hoton kafin komai.

Tambaya: An sa wa yayana ƙarfe a kai bayan tiyata. Zai iya shiga na'urar MRI? Zafin rana ko tsawa ba za su cutar da shi ba? Daga wani matashi a Jos.

Amsa: Yawancin 'yan faranti da kusoshin da ake mayar da ƙashin kai da su yanzu na wani ƙarfe ne da ake kira taitaniyam. Maganaɗisun da ke cikin na'urar MRI ba ya jan sa, ba ya tsatsa, ba ya kiran tsawa, rana kuma ba ta gasa shi a ƙarƙashin fata. Ana yin MRI da shi. Duk da haka ya riƙa gaya wa masu hoton kafin ya shiga, ya kuma nemi likitansa ya rubuta masa irin abin da aka sa.

Tambaya: Likita, wata 4 da yi wa matata tiyatar kai. Ba ta sake jijjiga ba, kuma maganin farfaɗiyar yana da tsada, yana sa ta kasala da saurin fushi. Mu daina? Daga wani magidanci a Katsina.

Amsa: A'a Malam, ba da kanku ba. Yanke maganin farfaɗiya rana ɗaya shi kansa yana tayar da jijjiga mai tsanani, kuma rashin jijjigar da kuke gani wataƙila aikin maganin ne. Ana rage shi ne sannu a hankali, bisa tsarin likitan da ya rubuta.

Kasala bayan tiyatar kai takan ɗauki watanni, da mantuwa da rashin son hayaniya. Amma saurin fushin da ka ambata ka faɗa wa likita da sunan maganin. In lebetirasitam take sha, an san shi da wannan hali a wasu mutane, kuma akwai wasu da za a iya sauya mata, wasunsu ma sun fi araha. Ka gaya masa maganar kuɗin ba kunya. In kuna shirin haihuwa ko tana shan ƙwayar tsarin iyali shi ma ka faɗa, don wasu daga cikin magungunan nan suna shafar ciki, wasu kuma suna rage ƙarfin ƙwayar. Kafin ku koma, kada ta yi girki a kan wuta ita kaɗai, kada ta ja ruwa a rijiya, kuma in za ta shiga wanka kada ta sa sakata.