Muryar Yaya a gurup ɗin gida, kan zuwa Birni da Gidimuni

Salamu alaikum, ina kwananku ƴan gida. To ke ƙanwata na saurari muryarki tun daren jiya, rezo ne ya hana ni amsawa. Kin ce ke da maigidanki kuna son ku taho da yara daga Yamai a bakansin nan cikin watan takwas, ku ga fadar Sarki da tsohuwar unguwar Birni a nan Damagaram, ku wuce tabkin Gidimuni da na Lasuri, duka cikin kwana biyu da ƙaramar motarku, wai ko zai yiwu. Ni abin da na ji cikin maganar, kin riga kin yanke, so kike kawai in ce e ki kai wa maigida ki ce ai Yaya ma ya yarda. To Yaya bai yarda ba. Fada da Birni ku zo ko gobe, amma tabki a watan takwas, a'a.

Tsaya ma tukuna, kwana biyun nan daga ina kike ƙirga shi? Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne fa, wuni guda cur a mota, ga peyaji ga shingen jandarma, ga yara wannan na jin fitsari wancan na jin yunwa. In kun iso washegari ba mai iya ɗaga kai. Kenan kwana biyunki ya ƙare kafin ki ga ƙofar fada.

Maganar tabki kuwa, ku mutanen birni kuna zaton damina ce lokacinsa don ruwa ya cika. E ruwan ya cika, amma ke ba ki isa bakinsa. Gidimuni da sauƙi don gudron Gure ya bi ta nan, ki wuce Mirya ki wuce Hamdara, kamar kilomita 70 daga nan, amma da kin sauka daga gudron taɓo ne, kuma irin taɓon fadamar nan mai kanwa, sama ya yi fari fes kamar ya bushe, kina ɗora taya ya haɗiye ta har gindi. Lasuri kuwa ki manta da ita da wannan motar, sai katkat, shi ma da mai sanin hanya a gaba. Ga sauro, da la'asar tashi yake daga cikin kacalla gungu-gungu, yaranki da suka saba kwana a gidan sauro da fanka, masassara za ki kwaso ki koma da ita. Ki bari sai sanyi, daga watan sha ɗaya zuwa watan biyu, hutun ƙarshen shekara ma ya isa. Lokacin ne ruwa ya ja baya ƙasa ta yi tauri, lambuna sun yi kore, ga rake ga kabeji ga albasa ƙarƙashin dabinai, kuma lokacin ne tsuntsayen Turai ke saukowa gudun sanyin can, su haɗu da namu na gida, kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. Ku fita bayan asuba ku isa rana na ɗagowa, ku tsaya shiru bisa tudun rairayi ku leƙa ƙasa, za ki ga masunta cikin ruwa har ƙirji suna jan taru, tarwaɗa da karfasa na tsalle, ƴan mata na tsinkar bado a gefe. In kun kai ƙarfe goma kun makara, tsuntsu ya tashi sai rana da ƙuda.

Kuma don Allah, wannan da ƙarfi nake faɗa, kada ki bar yaro ko guda ya sa ƙafa cikin ruwan. Za su ga ƴan garin na iyo su ce su ma, ki hana. Tsargiya a ruwan kwance take, cikin ƴan dodon koɗin nan, ta fata take shiga ba sai an sha ba, sai bayan makonni ki ga yaro na fitsarin jini kina tambayar daga ina.

Shi Gidimuni ɗin ba ƙaramin wuri ba ne fa, a 2019 aka sa shi cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar nan ta kare dausayi da aka sa wa hannu a Iran a 1971, shi da na Madarunfa shekara guda suka shiga, Lasuri ita tun 2005. Amma takarda ba ta tare rairayi, tudun na gangarowa cikin ruwa kowace shekara, kacalla kuma na cin fili, tsofaffin garin za su nuna miki inda ruwa ke kaiwa da, yanzu gona ce. Af, Madarunfa ma ai kan hanyarku take, in kun kwana Maraɗi ku ratsa kudu kaɗan, ga tabki ga kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta, wannan ya fi muku sauƙi ma bisa Lasuri.

To mu dawo gari. Fada ki je da safe, ki yi shiga ta mutunci, ki sa yara su cire takalmi inda aka ce a cire, ku gaida dogarai, su za su haɗa ku da wanda zai zagaya da ku, in kun gama ki ba shi na goro, jika ɗaya jika biyu ba ta kashe ki. Abin da nake roƙonki guda ne, kada ki ɗauki yaran nan masu tare baƙi a bakin hanya suna cewa su gid ne. Wallahi akwai wanda na tarar ya tara baƙi ƴan Najeriya a gindin ganuwa yana gaya musu da ƙarfinsa wai Sarki Tanimun ne ya yaƙi Faransawa da igwa ya kore su. Na ce kai yaro, wa ya gaya maka? Ya ce ai kowa ya sani. Kowa wa? Tanimun ya rasu a 1884, Bafaranshen da aka kashe a garin nan, Kazamaju, 1898 ya zo, shekara 14 tsakani, daga kabari ya taso ya yi yaƙin? Tanimun shi ya ja ganuwar Birni, shi ya sa maƙera suka zuba igwa a nan cikin gari, shi ya faɗaɗa Damagaram har ana jin tsoronta daga Kano zuwa Borno, wannan nasa ne ba mai ƙwace masa. Amma wanda ya yi arangama da Nasara Sarki Amadu Kuran Daga ne. A zamaninsa aka kashe Kazamaju da tafintansa, don an ga hanyar Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, ya nufa, ana tsoron su haɗa kai su juyo kan Damagaram. Shekara ta zagayo, 1899, ragowar rundunar hafsoshin Faransa Bule da Shanuwan, waɗanda suka ƙone Birnin Ƙonni, suka iso aka gwabza a Tirmini ƙarshen watan bakwai, aka ci mu, Sarki ya fita daga gari, bayan ƴan makonni aka bi shi aka kashe. Duk na zayyana wa yaron nan wannan a gaban baƙinsa, kin san me ya ce? Wai Baba ai duk sarki ne. Duk sarki ne! Kuma suka ba shi kuɗi ina tsaye, ɗaya ma na ɗaukarsa bidiyo, yanzu haka yana yawo a TikTok mutane na sa masa zuciya. Har yau in na wuce wurin sai raina ya ɓaci. Kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, mu a lakwal sunayen kogunan Faransa aka sa mu haddace, Tirmini da ke nan bayan gari ba malamin da ya taɓa ɗora mu a mota ya kai mu.

Ke ma za ki wuce ta Tirminin, kafin ki shigo gari bayan Takeita, ki tsayar da maigida ko minti biyar ne ki nuna wa yara. Can baya kuma wajen Tasawa akwai Maijirgi inda kaburburan su Bule suke. Kenan tarihin tun a hanya yake farawa, ba sai kun iso ba.

Cikin Birni da ƙafa ake yawo, ki bar mota, lungunan ba su ɗaukarta. Ku bi tsakanin duwatsun nan manya, ku ga gidajen tubali masu zanko da zanen bango, ku leƙa majema in hancinku na iya ɗauka. Amma ki shirya ranki, ba Birnin da kika bari ba ne, ganuwa saura guntaye, masu kuɗi na rushe na ƙasa suna ɗora siminti da tol, tsohon masallacin nan kuma ai kin ga bidiyon, farkon watan tara na 2024 ruwa ya kayar da shi, gini tun tsakiyar ƙarni na 19. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara kafin ruwa ya sauka, in aka bar shi shi ke nan. Kin ga wani dalilin ma da nake ce miki damina ba lokacin yawo gindin tsohon bango ba ne da yara.

Sai Zango, unguwar fatake, inda ayarin raƙuma ke sauka daga Agadas da Tarabulus, can su Malam Yaro suka yi dukiyarsu, gidajen can ma sun fi na Birni ado a ganina, ko da yake ƴan Birni na gurup ɗin nan za su taso mini. Barikin soja na bisa dutse kuwa, wanda Faransawa suka gina suka sa masa sunan Kazamaju, daga nesa za ku kalla, kada yaro ya ɗaga waya wajen, yanzu ba lokacin wasa da soja ba ne. Ki gaya wa babban naki, shi da ke ce mana ƴan ƙauye, garin nan ne babban birnin Nijar daga 1911 har 1926 da aka maida Yamai, lokacin Yamai tasu ƴan bukkoki ce bakin kogi.

In da so samu ne ku daidaita Alhamis ta same ku a gari don kasuwar Dole, Lahadi kuma Mirya, kilomita 18 kawai, ki sayi tulu da randa wajen masu ginin tukwane, ruwan randar Mirya ba ruwansa da firiji. Daga nan in sanyi ne sai ku zarce Gidimuni, a'a tsaya, na ce da asuba ake zuwa tabki, to ku fara da Gidimuni ku biyo ta kasuwar Mirya a dawowa, haka ya fi.

Da ina son in ce ku ƙara da Kance da Matamai ku ga koramu da gonakin rake, har ku tsallaka Daura ta Ɗan Barto yara su sha ruwan Kusugu, amma bar wannan, sai an ga yadda boda take lokacin da takardun mota, kada in ɗora muku abin da zai zame wahala.

Ki cika tanki a nan kafin ku fita gabas, ki riƙe katin ɗan ƙasa na kowa da takardun haihuwar yara, da bido biyu na ruwa, kin san halin famfon garinku bai sake ba. Ki ba maigidan naki wayar ya saurara da kunnensa, in yana da ja ya kira ni bayan isha'i. Hajiya na gaishe ku, ta ce a taho mata da kilishin Yamai.