Aikin sa-kai a gandun halittun teku: shirin da ɗan Kaduna zai yi

Malam, ka tambaya ko wanda ya tashi a Kaduna, bai taɓa zaman bakin teku ba, zai iya aikin sa-kai na kula da gandun halittun ruwa a tsibiri mai nisa. Zai iya, amma sai ya iya iyo. Wankan kogin Kaduna daban, igiyar teku daban, don haka ka nemi mai koyarwa tun yanzu.

Ɗauki Aldabra, tarin tsibirai a ƙasar Seychelles, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1982. Tsakaninta da Mahé, babban tsibirin ƙasar, ya haura kilomita 1,000. Aikin ba yawon buɗe ido ba ne: ƙirga sawun kunkurun teku a rairayi da sassafe, kwashe robobin da teku ta watso, rubuta bayanai kullum. Ruwan sama ake tarawa a sha, kayan abinci kuwa sai jirgin ruwa ya kawo. A ganina kaɗaicin ya fi aikin wuya.

Inda mutane ke faɗawa shi ne tura kuɗi ga dillalan Facebook. Ka nema kai tsaye wurin hukumar da ke riƙe da gandun, ita za ta yi maka bayanin takardun shiga ƙasar. Likita ya duba ka har haƙora, domin babu asibiti kusa, ka kuma karɓi katin rigakafin zazzaɓin shawara.