Kin Toshe Wa Kwamfuta Baki, Ta Yaya Za Ta Faɗa Miki Ciwonta?

Tambaya: Malam, duk sanda nake saka manhaja da pip (mai saka manhajojin Python) a Termux (manhajar rubuta umarni a wayar Android), rubutu sai ya cika min fuskar waya. Yaya zan rage shi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙara -q, wato pip install -q sai sunan manhajar. Ana iya jera shi har sau 3, amma ɗaya ya ishe ka, don zai bar maka gargaɗi da kurakurai.

Tambaya: An koya min in sa -qq a apt-get install (umarnin saka manhaja a Ubuntu, wani nau'in Linux), in liƙa > /dev/null 2>&1 a ƙarshe. Na yi a Ubuntu, ban ga komai ba, manhajar kuma ba ta hau ba. Me ya faru? Daga wata malama a Maraɗi.

Amsa: Malama, ai ke kika ɗaure mata baki! Wannan ɗabi'a tana damuna matuƙa. /dev/null rami ne marar gindi, abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan. Shi kuma 2>&1 cewa yake yi kurakurai ma su bi sahu. Ko sunan manhajar kika kuskure, ko intanet ya yanke, ko sudo (umarnin da ke ba da izinin mai kula da na'ura) kika manta, na'urar ta faɗa, amma cikin ramin ta faɗa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne -qq ɗin. A apt-get, yana tafe da -y a cikinsa, ma'ana kin amsa "e" tun kafin a tambaye ki. In sabuwar manhajar za ta sa a cire wata da kike aiki da ita, cirewa za a yi ba shawara. Littafin apt-get da kansa ya yi kashedi a kan haka. Gwada da -s tukuna, ya nuna miki abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba.

Ni abin da nake yi kullum, ina rufe umarnin da 2>&1 | tee saka.log. Ina gani da idona, kwafi kuma na ajiye a fayil ɗin saka.log. Sake saka manhajar haka, ki turo min layukan da suka fara da E:. Duba /var/log/apt/history.log ma, ki ga ko an cire miki wani abu.

Tambaya: npm (mai saka manhajojin JavaScript) ya ƙi aiki, bayaninsa kuma bai gamsar da ni ba. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ƙara --loglevel verbose. Cikakken bayanin yana cikin ~/.npm/_logs, buɗe na ƙarshe.