Tambaya da Amsa: Wai gwamnati na ba jam'iyyu kuɗin kamfen?

Tambaya: Salam Malam, don Allah a raba mana gardama. Jiya a teburin mai shayi musu ya kaure, wani abokina har da rantsuwa wai INEC ce ke ba jam'iyyu kuɗin kamfen, ni ko na ce babu wannan maganar. Wa ya fi gaskiya?
Daga mai karatu a Rigasa, Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A yau dai kai ne da gaskiya, amma fa shi ma ba daga sama ya tsinto zancen ba, da can an yi. Zamanin Babangida gwamnati ce da kanta ta ƙirƙiro jam'iyyun SDP da NRC a 1989, ta gina musu ofisoshi har ƙananan hukumomi tana ba su kuɗi. Kundin tsarin mulkin 1999 ma sashe na 228 ya ba majalisa dama ta ware wa jam'iyyu tallafi ta hannun INEC, dokar zaɓe ta 2006 har ta faɗi rabon, kashi 10 kowa daidai, kashi 90 gwargwadon kujerunka a majalisar tarayya. To ka san mutanenmu, sai ga jam'iyyu birjik, ciyaman da sakatare da hatimi a jaka, ko kansila ba su da shi, kason kawai ake jira. Dokar 2010 ta cire tallafin.

Abin da ya rage shi ne iyakar kuɗin da ɗan takara zai kashe a kamfen. Dokar 2022 a lokacinta ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kar ya wuce naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100. Dariya nake in na karanta wannan, tunda fom ɗin shugaban ƙasa na APC kaɗai miliyan 100 aka sayar a shekarar.

Masu son a dawo da tallafin na cewa zai rage ƙarfin iyayen gida, mai ɗaukar nauyinka yau gobe shi zai zaɓo maka kwamishinan kuɗi, kuma suna misali da Jamus inda yawan ƙuri'arka ke jawo yawan kasonka. Ni ban ƙi ba wallahi, amma wa zai ƙirga daloli a daren deliget, da atamfa da taliyar ranar zaɓe? In babu mai bin wannan sawun, harajin mai shayinku za a ɗora wa ubangida a kan nasa.

Gardamar dai canjaras ce, kowa ya biya shayinsa.