Na rage tsawon fayil, amma wuri bai ƙaru ba

Tambaya: Malam, a kwamfuta mai tsarin Linux na datse fayil daga bayit 5000 zuwa 4500, amma wurin da ya ci a faifai bai ragu ba. Me ya sa? Ɗalibi daga unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Ɗana, ext4, wato ɗaya daga cikin tsarin da Linux ke ajiye fayiloli da shi a faifai, ba ya raba wuri bayit-bayit, yana ba da shi ne bulo-bulo, kuma galibi kowane bulo bayit 4096 ne. Fayil mai 5000 yana riƙe da bulo biyu, mai 4500 ma haka, don haka sai ka sauko zuwa 4096 kafin a saki bulo na biyun. Ina ba ka shawara ka riƙa amfani da umarnin du, domin shi ne ke ƙirga bulon da aka kama, shi kuwa umarnin ls tsawon fayil yake nunawa.